Itacen Jegon Lailatu

Ruwan wanka na tafasa a tsakar gidan Malam Abarshi, Gwaggo Hajjo na tsugune gaban murhu tana iza wuta tana mita. Ita dama mitarta ba ta jiran dalili, balle yau da ta samu. Lailatu na zaune a bakin ƙofar ɗaki da jaririyarta a cinya, tana jin komai, tana yi kamar ba da ita ake ba.

"Itacen ubanki fa nake ƙonawa," in ji Gwaggo, ko juyowa ba ta yi ba. "Tun muna yara a Birnin Gwari, miji ke tara itacen jego, in ba ya nan danginsa su kawo. Naki mijin ina nasa?"

Lailatu ta sunkuyar da kai, idanunta suka ciko. Mijinta Munzali kofur ne a soja. Cikinta bai ko fito ba aka kwashe su zuwa bakin Tafkin Cadi, sai ta dawo gida goyon ciki. Maraya ne, iyayensa sun rasu yana ƙarami, malamin da ya riƙe shi ma ya bi su. Amma wajen son Lailatu kam ba a magana. Mutumin da zai hau kan motar yaƙi cikin rana yana ɗaga waya sama don neman netwok, kawai ya tambaye ta ko ta ci abinci! Na ragon suna da na kayan jaririya duk ya turo tun da wuri. Gwaggo ta taɓe baki ta ce abin da aka turo ta waya ba ya yin sallama a ƙofar gida.

Gwaggo yayar Malam Abarshi ce, ita ta goya shi, don haka maganarta a gidan yankan wuƙa ce. A ranar ta same shi a zaure ta gaya masa ta gama magana: in har suna ya zo ba wanda ya tako daga ɓangaren miji ko da dami ɗaya, Lailatu ba ta komawa bayan arba'in, ranar da sojan ya dawo kuma a nemi takardarta. Malam bai so ba, amma "to, Yaya" kawai ya iya cewa. Kada a ɗauki alhakin tsohuwa, ba mugunta ba ce. Tsoro ne. Gani take an bar 'yar ƙaninta ita kaɗai a ɗakin haya, in wani labari ya zo daga daji ba ko mai riƙe mata hannu.

Da yamma Martina ta zo barka. Maƙwabciyar Lailatu ce a gidan aurenta, mai waina a bakin kasuwa, ɗanta Gabriel ma soja ne a wata jiha. Tana ɗaukar jaririya ta ce kunnuwan uban ne sak, sai Lailatu ta fashe da kuka. Ta kwashe komai ta gaya mata, ta roƙe ta don Allah kada maganar ta fita.

"Ni ina son mijina, Maman Gabriel. Laifinsa kawai ba shi da kowa."

Martina ta yi mata alkawari. Ta share mata hawaye da bakin zanenta, ta miƙa mata 'yarta, ta tafi.

Washegari da hantsi aka yi sallama, sai ga Martina da ƙaton dami a ka, gumi na zuba, ta dire shi gaban murhu.

"Daga dangin miji, Gwaggo."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke Martina, yaushe kika zama dangin Munzali?"

"Kakinsu ɗaya da ɗana. Duk inda nawa yake, ina fata wata uwar ta tsaya masa."

Gwaggo ta matso kusa da damin. Ta zaro ice ɗaya ta ƙwanƙwasa a ƙasa, ta ce busasshen marke ne, ba laifi, amma dami ɗaya ai ko kunun kanwa ba zai dafa ba.

Martina ta cika alkawari, rikicin gida bai fita daga bakinta ba. Sai dai a hanya Bilyaminu mai mashin ya tare ta yana tambayar me ya yi zafi babbar mace da ɗaukar itace, ta ce na matar soja ne da ta haihu mijinta na bakin daga. To, gaya wa Bilyaminu magana ai daidai yake da sa ta a rediyo. Kafin azahar ta zaga tashar 'yan mashin, kafin la'asar ta kai ƙauyen Kakangi.

Mutanen nan sun san abin da soja yake. Sun yi damunar da gona ke kallon mai ita daga nesa, ba halin shiga saboda 'yan bindiga. Bana kuwa 'ya'yan wasu, daga garuruwan da ko sunansu ba su sani ba, su ke raka su bakin daji su tsaya a rana har a tashi aiki. Wani dattijo ya ce tunda ba su iya kai wa iyalan waɗancan komai, ga iyalin wani a kusa.

Lailatu na ɗaki ta ji rurin mashina kamar ranar kasuwa. Ta leƙa ta taga ta ga ikon Allah. Manoma na sauke dami-dami a ƙofar gida, kowa ya dire sai ya ɗaga murya ya ce daga dangin miji. Matan zumunta na cocin su Martina suka zo a jere da waƙa. Matan Islamiyya suka ce ai ba za a bar su a baya ba, suka haɗo da gero da kanwa. Mahauta suka aiko da ƙafafun sa na ƙauri. Ana gobe suna sai ga motar sojojin da ke shingen bakin gari, sun jibge wani gungumen kirya da ya toshe rabin lungu, har Malam Abarshi sai a karkace yake shiga zaurensa, yana dariya yana share ido.

Gwaggo fa? Ta ci ɗamara ta zama sarkin itace. Ita ke cewa a jera wannan nan, wancan ɗanye ne a kai shi rana, tana yi wa ƙarti faɗa kamar ita ta gayyato su. Lailatu ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar da rabonta da ita tun tafiyar mijinta.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Zakiyya. Ana tsakiyar hidima wayar Lailatu ta yi ƙara. Shi ne. Muryarsa na yankewa tana dawowa, yana ba ta haƙuri, wai ya san ya bar ta da kunya, ko itace bai tara mata ba.

"Abban Zakiyya, itace kam har ba wurin taka ƙafa."

"Wa ya kawo?"

"Danginka."

Ta zaci netwok ne ya ɗauke. Can ta ji shesshekarsa. Kofur guda, mai kwana cikin rami da bindiga, yana kuka kamar yaro. Ita ma nata hawayen suka zubo, amma na daɗi.

Ba ta ankara ba Gwaggo ta fizge wayar, ta kafa ta a kunne a juye.

"Kai Munzali, haka ake yi? Ka ce mana ba ka da kowa, ka sa ina ta sakin baki, ashe rabin gari naka ne? To ka ji, ranar arba'in ni da ƙafata zan mayar maka da matarka, kuma ina nan tare da ita har ka dawo. Ka kula da kanka, ɗan nan. Allah Ya tsare mana ku."

Mata suka ɗauki guɗa. Lailatu ta rungume 'yarta ta ɓoye fuska a zanen goyo, don kunya da murna sun haɗe mata.

Haka haƙurin Lailatu ya yi mata rana. 'Yan'uwa, wanda ya bar ɗakinsa ya tafi tsare namu, bai kamata matarsa ta rasa mai yi mata sallama ba. In ba mu iya zuwa inda suke, gidajensu ba su yi mana nisa ba.