Ƙanzon Tukunyar Likita

Cokali yana bakinta aka turo ƙofar kicin.

Auta ta daskare. Ga tukunyar shinkafa rungume a hannun hagu, ga baki cike da ƙanzo, ga famfo da ta bari yana zuba don kar a ji ƙarar kankarar tukunya daga falo.

"Ikon Allah," in ji matar da ke tsaye bakin ƙofa. "Wanke-wanken ke nan?"

Yayar Likita ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana da makullin gidansa, kuma ba ta taɓa ganin dalilin ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Auta ta haɗiye da ƙyar. "Ina wuni, Yaya."

"Ni ba yayarki ba ce. Wanke hannu ki fito, magana gare ni."

Aikin Auta rakiya ne. Kamfaninsu yana tura su ga wanda ke neman abokin zuwa liyafa ko taro, ko kuma abokin cin abinci a gida. Mutane da sun ji sunan aikin sai su ɗaga gira, sun riga sun gama shari'a tun ba a kira shaida ba. Da za su leƙa, da sun ga yawancin masu kiran tsofaffi ne da marasa kowa, waɗanda suka gaji da cin abinci suna kallon bango.

Darasin farko da ake koya wa sabuwar ma'aikaciya ɗaya ne: ki tambayi mutum abincin da ya fi so, in ya faɗa ki zaro ido ki ce, "Ni ma!"

Auta ta iya zaro ido fiye da kowa.

Likita kuwa likitan haƙori ne, gidansa a saman asibitinsa. Mutum ne da in taro ya wuce mutum uku sai harshensa ya ƙulle. Da farko liyafar abokan aiki take raka shi, tana magana a madadinsa yana gyaɗa kai. Daga baya ya nemi kamfanin ya riƙa turo ta cin abincin rana ranar hutunsa. Shi ke girkawa da kansa: farar shinkafa, kifi, albasa mai yawa.

Kuma kullum sai shinkafar ta kama.

A falo, Likita yana tsaye riƙe da faranti kamar wanda aka ba ajiya.

"Zauna," in ji Yaya. "Ke, abincin da kika fi so, mene ne?"

Auta ta dubi ƙasa. "Shinkafa da kifi..."

"A nan gidan ke nan. A gidan tsohon malamin makaranta fa?"

Yaya ba ta jira amsa ba.

"Dafaffen dankali, ko? A gidan matar nan da mijinta ya rasu, taliya. A gidan tsohon direba, miyar kabeji, har da cewa tana tuna miki da kakarki. Kakanni nawa gare ki, baiwar Allah?"

"Yaya..." in ji Likita.

"Rufe min baki. Abokiyar aikinta ce ta raka ni asibitin ido, mai yawan turaren nan, yarinya mai tsoron Allah, ta fayyace min komai. Kai kana nan kana ƙona shinkafa, kana ce min ka samu wadda bakinku ya zo ɗaya. Aiki take yi, ɗan'uwana. Biya kake yi."

Likita ya ajiye farantin a hankali. Ya dubi Auta, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa hoton haƙori in ya ɗaga shi gaban fitila.

"Haka ne?"

Tana iya zaro ido. Tana iya kuka ma, shi ma an koya musu. Sai ta ji ba ta son yin ko ɗaya a gabansa.

"Haka ne."

"Kifin ma?"

"Ƙarni yake min."

Yaya ta tafa hannu. Likita ya juya yana kallon ƙofar kicin, inda famfo ke zuba har yanzu.

Auta ta ɗauki jakarta ta sauka. Har ta kai titi tana sauraren ko za ta ji takunsa a baya.

Ba ta ji ba.

Ranar hutunsa ta zo, aka ce an canza mai zuwa gidan. Mai Turare aka tura.

Washegari suka haɗu a ɗakin sauya kaya na kamfanin, gaban dogon madubin nan mai tsaga a gefe. Mai Turare tana fesa wa wuyanta abin da ya ba ta suna, ta hango Auta ta madubi ta yi murmushi.

"Ƙawata, kar ki riƙe ni. Tambayata aka yi, ni kuma ƙarya ba ta zama a bakina."

"Na sani. Wucewa take yi da sauri."

"Yi ta habaicinki. Amma ke ma kin iya ɓata mutum. Ba ke kike cewa bai iya girki ba?"

Auta ta tsaya da ɗaura igiyar takalmi. "Bai iya ba. Kullum sai ta kama."

"Wace ta kama? Shinkafa fara sol, kowace ƙwaya a ware. Ni na kai tukunyar kicin, gindinta kamar an lashe. Matsalarsa ɗaya, ba ya magana. Na ce masa ni ma shinkafa da kifi na fi so, sai ya ce min 'to.' To! Haka kawai."

"Gindin tukunyar... ba ƙanzo?"

"Ƙanzo kuma? Wa ke cin ƙanzo in ba akuya ba?"

Auta ta ƙarasa ɗaura igiyar takalminta, ta fita.

Duk yinin ranar abin yana cin ta. A gidan tsohon malamin makaranta ta zuba wa dankali gishiri sau biyu. Mutumin da ya ƙona shinkafa wata da watanni, ta yaya zai gyaru rana ɗaya? Ya sayi sabuwar tukunya? Yaya ce ta girka? In kuwa ya iya tun farko...

An ce mace mai kamun kai ba ta bin namiji da tambaya. Waɗanda suka faɗi haka, da alama babu wata tambaya da ta taɓa hana su sukuni.

Tana da haƙori ɗaya na gefe da ya ɗan ɓantare tun bara. Ta tuna da shi.

A asibitin ta karɓi kati kamar kowa, ta zauna tsakanin wani mai kumburarren kunci da wata uwa mai lallashin 'yarta. Da aka kira ta, Likita yana wanke hannu, bayansa gare ta.

Ya juyo. Sabulu yana ɗiga daga yatsunsa.

"Kamfanin ne ya turo ki?"

"Haƙori ne ya turo ni."

Ya nuna mata kujera. Ya kwantar da ita baya, ya jawo fitila, ya sa safar hannu.

"Likita, ina so in tambaye ka..."

"Buɗe."

Ta buɗe. Ya cusa auduga a gefen kuncinta, ya rataya mata bututun tsotse yawu a leɓe. Ita da ke cin abinci da magana, ga ta ba ta iya furta ko harafi. Shi kuwa, abin da ba ta sani ba, nan ne kaɗai wurin da harshensa ke sakewa: idan bakin mutum yana buɗe, ba mai katse shi.

"Wannan ɓantarar na gan ta tun liyafar farko," ya ce yana leƙawa da ƙaramin madubi. "Na yi ta tunanin me ya jawo ta. Ba kya tauna ƙashi. Ba kya buɗe kwalba da haƙori. A liyafa ma ba kya ci, juya abinci kawai kike yi a faranti."

"Aaa..."

"Kifin kuwa na san ba kya so. Tauna aikina ne. Kina tauna shi kamar ƙwayar magani, ki kora da ruwa."

Ta zaro ido. Wannan karon ba na aiki ba ne.

"Ranar farko da kika zo gida, waya ta ɗauke min hankali, shinkafa ta kama. Kunya ta ishe ni. Kika ce ke za ki wanke tukunya. Na biyo ki da kofuna, ƙofa a ɗan buɗe... sai na gan ki a tsaye, ido a lumshe, kina ƙurmus-ƙurmus. Nan na gane abin da ya ɓantare haƙorin. Ban taɓa ganin mutum yana cin abu da daɗi haka ba. Na koma da kofunan."

Ya canza madubi da wani ɗan ƙarfe.

"Kin san wuyar ƙona shinkafa daidai? In ta yi yawa ɗaci, in ta yi kaɗan ba ƙanzo. Tukunya biyu na lalata kafin in gane. Sai a rage wuta, a zuba ɗan mai ta gefe, a bar ta tana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano."

Hawaye ya gangaro ya shige mata kunne.

"Zafi?"

Ta girgiza kai.

"Kar ki motsa." Ya shiga goge bakin haƙorin. "Maganar Yaya ba ta dame ni don kifi ba. Abin da ya tsaya min shi ne dariyar. In na yi magana kina dariya. Sai na ce, to ita ma aiki ce? Ban san yadda zan gane ba. Dariya ba ta barin alama a haƙori."

Ya zare audugar, ya cire bututun.

"Kurkure."

Ta kurkure, ta tofar, ta zauna. Leɓenta ɗaya ya yi nauyi.

"Mu tara ne a gidanmu," ta ce. "Ni ce ƙarama. Kafin faranti ya zo kaina ba saura, sai Mama ta ja ni kicin ta miƙo min tukunya, ta ce wannan rabon auta ne, kar ki faɗa wa kowa. Na zaci gata ne. Sai da na girma na gane shi kaɗai ya rage. Amma har yau babu abin da ya kai shi daɗi a bakina."

"Kin taɓa faɗa wa wani?"

"Wa zai biya kuɗi ya ci abinci da mai cin ƙanzo?"

"Dariyar fa?"

"Ta farkon aiki ce. Labarinka na haƙorin hankali ba abin dariya a ciki, Likita, sam. Daga baya kuma... ban san ranar da ta daina zama aiki ba. Na dai lura ina dariya a mota bayan na bar gidanka, ba kowa."

Ya cire safar hannu, yatsa bayan yatsa.

"Abokiyar aikinki Yaya ce ta kira ta, ba ni ba. Ni na rufe hulɗa da kamfaninku jiya."

Ta dube shi. "Shi ke nan?"

"Abin da nake so in roƙa, ba a roƙonsa ta kamfani." Harshensa ya fara ƙullewa, ya dubi bututun kamar zai mayar mata a baki. "Ina... gidanku... wa ake gani?"

"Kawuna. Amma ka sani, yana da baki, kuma haƙoransa lafiya lau. Sai dai ka yi magana yana kallonka."

"Zan gwada, 'yar ƙanzona."

Yaya ba ta sauko da wuri ba. Ta yi fushi, ta yi yaji daga gidan ƙaninta, ta ajiye masa makulli, daga baya ta aiko aka karɓo mata shi. Ta ce Auta ta bar aikin. Auta ta ce za ta bar zuwa liyafa, amma tsohon malamin makaranta ba shi da mai zama da shi, ba za ta bar shi da bango ba. Wannan ya ƙara makonni a kan fushin.

Aka ɗaura aure Yaya tana gaisa da mutane da rabin baki.

Bayan an kwana biyu ta aiko su zo cin abincin rana. Yaya mace ce da girkinta ke da suna a dangi, tukwanenta a jere kamar madubai. Tun daga zama har aka kwashe faranti ba ta daina mita ba: ɗankwalin Auta ya karkace, Likita ya rame, 'yan matan yanzu ba su san gishiri ba. Kaza ta dafa. Ba kifi a teburin, ba kuma wanda ya ce komai a kai.

Da aka gama, Auta ta miƙe za ta kwashe kwanuka.

"Bar su," in ji Yaya.

Ta shiga kicin, ta fito da tukunyar shinkafa riƙe da tsumma, ta dire ta gaban Auta. Ta ajiye cokali a gefe.

Gindin tukunyar ja ne jawur, ya ɗago kaɗan ta gefe, yana ƙamshin mai.

"Waya ce ta ɗauke min hankali," in ji Yaya, tana kallon taga. "Kar a yi asara."

Wayarta tana kan tebur tun zuwansu, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Auta ta ɗauki tukunyar za ta nufi kicin.

"Ina kuma za ki? Zauna ki ci a nan. A gidana ba a ci a tsaye."