Mai Shan Wutar Tungar Gawo

Ku matso. Ke Ladidi, saki zanena, ai ban fara ba tukuna.

Kun san Kawu Sallau mai gyaran sola, wanda hannunsa na dama ba ya dunƙuluwa? To, ga dalili.

An kira shi aiki a Tungar Gawo. Rijiyar burtsatsensu da hasken rana take aiki, amma kullum rana na take tsaka sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Inbata ita ce akwatin da ke juya wutar ta koma irin wadda injin ruwa ke sha. In aka ja wuta fiye da ƙarfinta, takan daure daƙiƙa goma, sannan ta yanke don kada ta ƙone.

Mutanen gari suka ce, "Malam Sallau, ɗaure ta kawai ta daina yankewa."

Kawu kuwa ba ya iya cewa a'a. Ya shiga ɗakin inbatar shi kaɗai, rana tsaka, ko sallama bai yi ba. Ɗaki ne ƙarami, ba taga. Ya ɗauko guntun waya, ya dafa akwatin.

Ƙofa ta rufe. Babu iska.

Sai ga wata tsohuwa tsugune a lungu. Ƙasa duk laka, ƙafafunta busassu. Dugaduganta ne a gaba.

"Sannu, Iya," in ji shi.

"Ɗaure ta, ɗana." Muryarta tana gunji kamar injin niƙa daga nesa. "Kullum na fara sha, sai ta yanke."

Ta kama wuyan hannunsa. Ta sa babbar wayar inbatar a bakinta.

Wuta ta bi ta jikinsa. Hannu ya manne da ƙarfe. Ya nemi ihu, haƙora sun datse. Wallahi ya ce bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Inbata ta fara ƙara. Ya shiga ƙirga a zuci.

Uku. Tsohuwa tana kumbura.

Shida. Kanta ya taɓa rufi.

Takwas. Ya daina ganin ƙofa.

Goma. Ƙas! Ta yanke.

Ya faɗi. Ƙofa a buɗe, lungu wayam. Guntun wayar da zai ɗaure inbatar da ita tana nan a hannunsa na hagu.

Da ya fito suka tambaya, "Ka ɗaure?"

Ya ce, "Ku riƙa ɗiban ruwa da hantsi."

Har yau inbatar tana ɗaukewa da rana tsaka. Don haka in an aike ku rijiyar nan, kuka ji ƙarar, kada wanda ya leƙa ɗakin shi kaɗai. Tsohuwar ba ta ƙoshi ba.