Daɓen Marka

Ana kiran magariba dutse ya faɗo cikin tukunyar miyar Marka. Wani ya fasa randa. Wani ya sami mijinta Sallau a goshi yana alwala, jini ya gauraya da ruwan buta.

Ba su daɗe a wurin ba. Ruwan madatsar Bakolori ya cinye gidansu na gado, aka ba su fili a bayan Maradun, da ƙyar Sallau ya tsai da ɗaki ɗaya. A daminar ne madatsar masu haƙar ma'adinai ta ɓalle, inda suke tara ƙasar da suka wanke, baƙar laka mai ƙyalli ta malale fadama. Marka ta ga laushinta, ta yi ta ɗebowa, ta gayyaci mata aka yi daɓe har da guɗa.

A kan daɓen nan ɗiyarsu Taiba take kwana. Gashinta ya soma zuba, dasashinta yana jini. Jifa kuwa kullum rana ta faɗi. Ran da Taiba ta ɗaga turmi ta karya wa uwarta hannu, Sallau ya tafi Bakura ya ɗauko Malam Dikko.

Ƙarti suka danne Taiba a tsakar ɗakin, tana cizo, tana buga ƙeya da ƙasa. Malam ya daɗe yana karatu. Can ta yi tsit, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Mi yarinya ta yi maka?" in ji Malam.

"Ba komi. Korar su nike yi, sun ƙi tashi."

"In ƙasarka aka ɗebo, a mayar maka."

Muryar ta yi dariya. "Tawa? Da zurfi Allah ya binne ta, ku kuka tono. Guba ce, wuta marar hayaƙi, Malam. Ɗiyana duka ta cinye su. Su ko sun yi mata guɗa."

"Fita, don girman Allah!"

"Su fita, in fita. In sun zauna, yau zan karya wuyanta. Ya fi mata sauƙi."

Kan Taiba ya fara juyawa baya a hankali. Malam ya dubi Sallau. Sallau ya dubi rufin da ya ɗora da hannunsa. Sai ya ture ƙartin, ya sungumi ɗiyarsa. Yana tsallake bakin ƙofa ta yi atishawa, jikinta ya saki.

"Baba, ina za mu kwana?" in ji ta da tata murya.

Sallau ya ajiye ta a gaban Marka. Ya ɗauki diga ya kafta wa bangon.