Manhajar da Aka Toshe wa Baki

Ƙarfe biyun dare, wani injiniya na zaune shi kaɗai a ofis yana goge rajistar kurakurai. Wata uku ke nan da ya toshe bakin manhajar auna magani da ya rubuta wa wani asibiti, don oga ya gaji da ƙorafi. Ko ta yi kuskure, ba ta faɗa, sai dai ya shiga rajista. Gobe masu bincike za su zo.

Sai ga wata dattijuwa tsaye a bayansa, tana warin magani.

"Ɗan nan, me kake sharewa?"

"Iya, an tashi aiki. Wa ya buɗe miki?"

Ta damƙi ƙeyarsa ta buga fuskarsa da tebur. Haƙori ya fita, jini ya wanke madannan kwamfuta. Ta murɗe yatsunsa har suka ce ƙas. Ya wage baki zai kurma ihu, ko tari bai fito ba.

"Yi ƙara mana," in ji ta, muryar na fitowa daga lasifikar kwamfuta. "Au, ashe babu daɗi?"

Ta ɗago kansa ya dubi allo. Layin da ya rage bai goge ba na ɗauke da lambar majinyaciyar da aka ninka wa allura har ta mutu. Lambar ce ke ɗaure a wuyan hannun da ke shaƙe shi.