Rigar Da Aka Hana Philemon

Saloma na durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi na cin idonta, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Kafin ta ajiye muciya, muryar Mama ta cika tsakar gida.

"Baban Philemon! Fito ka ga wanda ya zo! Ɗana ya dawo!"

Philemon yayan Saloma ne, shi ne babba a gidan. Duk Zuru ba wanda bai san ƙafarsa ta hagu ba, don in ya saki ƙwallo mai tsaron gida sai dai ya bi ta da kallo. Shekara uku yana buga wa wani kulob a Birnin Kebbi. Sai dai wannan dawowar ba ta hutu ba ce. Sallamarsa aka yi, bayan dangin matarsa Beatrice sun kai ƙara kotu cewa ya yi mata dukan da ya kashe mata kunne ɗaya.

Saloma ba labari ta ji ba. Ita ta shiga mota wata biyu da suka wuce, ta je ta ɗauko Beatrice da kumburarriyar fuska, ta kai ta gidan iyayenta a Manga.

Baba Kefas, tsohon saje ne da ya yi ritaya, har yanzu in ya yi magana kamar yana gaban fareti. Ya rungume ɗansa, ya zauna bisa kujerarsa ya ce, "Hassada ce kawai! Wane namiji ne ba ya saɓawa da iyalinsa? Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ke Saloma!"

"Na'am, Baba."

"Ki gaya wa Haggai ina nemansa. Suna shirin gasar jiha, ga ɗan gaba Allah ya kawo musu har gida. Ya ba yayanki fam ɗin shiga kulob ya sa hannu."

Haggai shi ne kocin Taurarin Dutse, kulob ɗin matasan garin, kuma malamin firamare ne. Damina biyu ya yi yana noma gonar Baba Kefas shi da abokansa, kamar yadda mai neman aure ke yi. An riga an sa rana, bayan girbi.

Saloma ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Baba, Beatrice fa?"

Philemon ya aje kofin ruwan da ke hannunsa.

"Me Beatrice ta yi?" in ji Baba.

"Ba ita ta yi ba, Baba. Ita aka yi wa."

"Kai! Kai! Kai!" Mama ta dafe ƙirji. "Saloma, yayanki ne fa! Ciki ɗaya kuka fito!"

"Na sani, Mama. Shi ya sa abin ke ƙona ni."

Baba ya nuna ta da yatsa. "Na aike ki. Ban nemi shawararki ba."

Da la'asar ta sami Haggai a filin makaranta, ya gama horo, yana tattara ƙwallaye cikin raga. Labari ya riga ta isa, fuskarsa sai walwala.

"Saloma, kin san me wannan ke nufi? Philemon a lamba tara! Kofin nan ya zo Zuru an gama!"

"Kada ka ɗauke shi."

Ya tsaya da ƙwallo a hannu. "Wasa kike yi."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

"Haba dai! Zargi ne fa. Kotu ba ta yanke komai ba. Ni koci ne, ba alƙali ba. Abin da mutum ya yi a ɗakinsa ina ruwan fili da shi? Kuma ki duba, in na ƙi shi, da wane ido zan kalli Baba? Aurenmu kike so a fasa?"

"Aurenmu nake so na gyara tun kafin a ɗaura," ta ce, idonta a kansa. "Yau ka ce abin da namiji ya yi a ɗakinsa ba ruwan kowa. Gobe ni zan shiga naka ɗakin, Haggai."

"Ni? Kin taɓa ganin na ɗaga wa mace hannu?"

"Ban taɓa ba. Amma kana shirin ɗaga wanda ya ɗaga, ka sa masa riga, yaran ajinka su riƙa rera sunansa. Ban ce ka yarda da ni ba. Gobe Asabar, ka tayar da babur mu je Manga. In ka ga Beatrice ka dawo har yanzu kana son ba shi fam, ka ba shi. Sai dai ka nemi wata amaryar."

Ya jefa ƙwallon cikin raga. "Taurin kan Saje kika gado," ya ce.

"Da kyau ka sani tun yanzu."

Sun sami Beatrice a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Da Haggai ya gaishe ta sai ta juyo masa da kunnen hagu.

"Yi haƙuri, Malam, ta wannan gefen za ka yi magana. Wancan ya tafi."

Haggai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya faɗi abin da ya kawo shi.

Beatrice ta yi ɗan murmushi mara daɗi. "Ai ya iya ƙwallo, wannan ba ƙarya. Ranar da suka ci wasa, da tsire yake dawo mini. Ranar da aka ci su, ni ce ƙwallon." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ni ban ce a hana shi neman abincinsa ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Ranar da ya jefa ƙwallo uku aka ɗauko shi a kafaɗa, wa zai sake sauraron mai kunne ɗaya? Sai a ce ni ce maƙaryaciya, mai baƙin cikin mijinta. Har yau bai zo ya ce mini ko sannu ba."

Suka kamo hanyar dawowa. Da suka shigo gari Haggai ya tsayar da babur, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ranar Litinin kwamiti zai zauna. Ba za su yarda da bakina kaɗai ba."

"Zan zo," in ji ta.

"Yayanki ne, Saloma."

"Na ce zan zo."

An yi zaman a wani aji na makarantar. Shugaban kulob, Alhaji Lukuman, mai sayar da hatsi a babbar kasuwa, ya saurari dalilan Haggai na ƙin ɗaukar Philemon har ya gama, sannan ya gyara hula.

"Koci, mu kulob ne ko kotu? Shekara nawa muna neman ɗan gaba irin wannan? In muka bar shi, wasu za su ɗauka su zo su ci mu da shi. Kuma wa ya gani da idonsa?"

"Ni na gani, Alhaji."

Duk suka juya. Saloma ta miƙe daga bencin baya.

"Ni ƙanwarsa ce. Ni na wanke mata jinin da ke fita a kunne. Ni na riƙe ta a mota tana amai. Allah ya sani ina son yayana, a bayansa na girma. Amma ku ma kuna da 'ya'ya mata. Ba ku kuke yanke masa hukunci ba, gaskiya ne. To amma rigar taku ce, ku kuke zaɓen wanda za ku sa wa. Ku jira kotu ta gama, ku jira ya je ya fuskanci matarsa. In kuka ba shi yanzu, kun gaya wa duk saurayin da ke garin nan cewa in dai ƙafarka na ci, hannunka ya yi abin da ya ga dama."

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya yi tsaki. "Yarinya ta zo tana tona asirin gidansu!"

Alhaji Lukuman ya ɗaga masa hannu. Ya murza carbi, ya ce, "'Yata ta fari wata shida da aure." Ya tura fam ɗin gefe. "A ajiye wannan tukuna. In ya wanke kansa, ko ya amsa laifinsa ya gyara, ƙofa a buɗe take."

Kafin Saloma ta isa gida labari ya isa. Ta tarar da akwatin kayan da dangin Haggai suka kawo an fito da shi tsakar gida, Mama na kuka a gefe.

"Ki durƙusa!" Baba ya daka tsawa. Ta durƙusa. "Kin kai sunana kasuwa kin sayar! Wannan yaron da ya ci tuwon gidana ya wulaƙanta ɗana, ba zai aure ki ba ina raye. A mayar musu da kayansu!"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Baba, kai ka haife ni, ba zan yi maka rashin kunya ba. Ba zan gudu ba, ba zan bi shi ta bayan gida ba. Amma ba zan ce na yi ƙarya ba, don ban yi ba. Kuma ba zan auri wani ba. Zan jira."

"Sai ki jira har furfura!"

"To, Baba."

Aka yi girbi, ranar da aka sa ta zo ta wuce. A shagon ɗinkinta da ke kasuwa, wasu mata suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. In ta wuce majalisar 'yan acaɓa sai ta ji an ce, "Ga mai sayar da yayanta nan!" Ta ɗaga kai ta wuce. Haggai kuwa sai a coci suke hango juna, ya yi mata alama da kai, ta mayar. Sau ɗaya ya tare ta a bakin ƙofa ya ce, "Ko mu je mu ba Baba haƙuri?"

"Haƙurin me? Ka yi nadama ne?"

"A'a."

"To ni ma haka. Mu riƙe."

A zagaye na biyu aka fitar da Taurarin Dutse, ci biyu da nema. 'Yan kallo suka yi ta ihu, "Ina Philemon? Koci ka ci amanarmu!" Har jifa aka yi.

Washegari da safe Saloma na shara, Philemon ya fito yana dariya.

"To, Madam Gaskiya, kin ga abin da kika jawo? Saurayinki ya zama abin dariya. Zo nan ki durƙusa ki ba ni haƙuri, wataƙila na roƙar miki Baba."

"Yaya, ba ni ce zan durƙusa ba. Hanyar Manga ba ta da nisa."

"Me kika ce?"

"Na ce ka je ka durƙusa wa matarka."

Ba ta ga tahowar hannun ba. Sai dai ta ji tau! Ta yi baya ta faɗa kan turmi, leɓenta ya fashe, kunnenta na ƙugi. Ya sake ɗaga hannu.

"Philemon!"

Baba Kefas ne tsaye a ƙofar ɗakinsa. Duk abin a idonsa aka yi. Ya tako a hankali, ya dubi jinin da ke bakin 'yarsa, ya dubi ɗansa.

"A gabana. Cikin gidana. Ido na ganin ido." Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ba a saba ji ba. "To wadda ba ta da uba a kusa, a garin da ba ta san kowa ba, me ka yi mata?"

"Baba, ita ce ta..."

"Rufe mini baki! Na tsaya gaban mutane na rantse ƙarya aka yi maka. Ashe ni ne maƙaryacin." Ya sunkuya ya ɗaga Saloma da kansa. "Sa takalminka," ya ce da Philemon. "Manga za mu."

A gaban iyayen Beatrice da dattawan coci Philemon ya amsa laifinsa, ya kuma maimaita a gaban alƙali, ya karɓi hukuncin da aka yanke masa. Beatrice ta ce ta yafe, amma komawa ɗakinsa sai ta yi tunani. Ba wanda ya matsa mata. Kulob kuwa suka ce ya cika shekara ana ganin halinsa, sannan a sake zama.

Bayan sati biyu Baba ya aika aka kira Haggai. Da ya zo ya durƙusa, tsohon ya daɗe yana gyaran murya.

"Na yi shekara talatin da biyu a soja, ban taɓa ja da baya ba," ya ce. "Yau na ja. Ka turo manyanka a sake sa rana. Amma ka sani, yarinyar nan ba ta lanƙwasuwa."

"Na riga na gani, Baba," in ji Haggai.

Saloma da ke bayan labule ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

An ɗaura auren bayan bikin Ista. Beatrice ce ta riƙe wa amarya mayafi, Alhaji Lukuman ya zo da 'yan wasansa duka, suka yi layi a ƙofar coci suna tafi.

Ku 'yan mata, ku duba saurayi tun yana waje, ku ga me yake cewa in aka zalunci wata, don abin da zai yi muku ke nan a ciki. Ku samari kuma, gwaninta ba ta wanke zalunci. Son ɗan'uwa na gaskiya shi ne ka riƙe masa hannu in ya ɗaga, ko da zai yi fushi da kai. Wanda ya tsaya kan gaskiya ya yi haƙuri da zafinta, ko an daɗe zai sha inuwarta.