Yumɓun Ɗantani

"Kalli da kyau, Rahinatu. Ɗantaninki ne ko ba shi ba ne?"

Ummi ta tura mata wayar har kusa da hanci. Rahinatu ta goge yumɓun hannunta a zani, ta karɓa. Wani mutum ne tsaye gaban allo da farar shadda, ɗalibai cike da aji. Kayan baƙi ne a wurinta, amma murmushin nan ko a mafarki ta gan shi za ta gane.

"Sunansa Malam Muttaka, shi ke koyar da mu," in ji Ummi. "Wata biyu yana taka muku yumɓu cikin tsumma, kuna ba shi ɗumame."

Da ƙarfi ta faɗa don Inna Hansai, mahaifiyar Rahinatu, ta ji, ta kuwa ji. Ummi 'yar ƙanwar Inna ce, kuma ba tausayi ne ya ɗauko ta daga jami'a ba. Duk ajinsu an san Malam Muttaka take yi wa kwalliya.

Shi kuwa Ɗantanin yana nan a filin bayan gida inda suke ginin tukwane, ƙafafunsa cikin yumɓu har ƙauri. Ya daina takawa.

"Gaskiya ne, Inna," ya ce a hankali. "A kasuwar Juma'a na gan ta tana sayar da tuluna. Da na tambaya, sai aka ce kin rantse ba ɗan jami'ar da zai sake tsayawa ƙofar gidanki..."

Rantsuwar ba a banza aka yi ta ba. Shekara biyu wani ma'aikacin jami'a ya yi yana neman Laraba, yayar Rahinatu, da aka canja masa wurin aiki ko sallama bai yi ba.

"Wanke ƙafarka ka tafi," in ji Inna.

Ya dubi Rahinatu.

"Suna kaɗai na ara. Sauran duk nawa ne."

Ba ta ɗago ba har ya ɓace.

Kwana biyar ta yi ba ta cin abincin kirki. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta san wa take kewa ba. Malam Muttaka ba ta san shi ba. Ɗantani take so, wanda ya ce daga ƙauyen Achika yake, wanda har jakin gidan ya raina shi saboda bai iya ɗaurin kaya ba, wanda in ta kawo masa ruwa sai ya sha a hankali don kada ta tafi da wuri. Wannan mutumin fa, akwai shi kuwa?

Kullum da hantsi saƙonsa na shigowa.

"Sanyin idona, ko gaisuwa ce ki amsa."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta kife wayar.

Rana ta shida ta tsuguna gefen Inna, kanta a ƙasa.

"Inna... yumɓun da ya taka na ƙarshe fa? A zubar?"

"A zubar da yumɓu saboda namiji?" Inna ta harare ta, sannan ta ga yadda idon 'yarta ya zurma, sai ta yi ajiyar zuciya. "Za mu gina shi. Mai taka yumɓu don a gan shi sama-sama yake yi, ya bar tsakuwa a ciki. Tsakuwa kuwa ba ta ɓuya a wuta. In tukwanensa sun fito lafiya, zan saurare shi. In ko ɗaya ta fashe saboda shi, kada ki sake kawo mini sunansa, na aro ko na yanka."

Talatin suka gina, da tukwane da tuluna. Aka shanya su a inuwa, Rahinatu na zagayarsu safe da yamma kamar kaza da ƙwai. Ba ta gaya masa komai ba. Me za ta ce? Ka yi addu'a, aurenmu na cikin kara da kashin shanu?

Ranar gashi aka jera su, aka rufe da kara da kashin shanu, aka kunna wuta bayan la'asar. Ummi ma ta zo kallo, ta samu inuwa ta zauna. Can wuta ta kankama sai aka ji ƙara guda daga tsakiya.

Tas!

"Ayya," in ji Ummi, bakinta na neman murmushi.

Washegari da safe aka ture toka. Inna na ɗauka ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, kowace na amsawa da murya garau. A na ashirin da uku ne ta ɗago wani tulu da ya tsage tun daga wuya har ciki.

Rahinatu ta juyo wajen Inna.

"Shi ke nan, Inna. Na haƙura..."

"Yi mini shiru."

Inna ta sa yatsa cikin tsagin, ta bi shi daga sama har ƙasa. Ta juya tulun, ta ɗaga shi a rana.

"Babu tsakuwa," ta ce. "Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa samun yumɓu mai laushin wannan ba. Amma dubi ginin nan, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar ɓawon albasa. Wa ya gina shi?"

Rahinatu ta duba wuyan tulun, ta gane hannunta.

"Ni ce."

"Na sani, ai ina kallonki. Kina gini kina kuka, wa ya taɓa ganin tulu ya yi daidai a haka?" Ta miƙa mata shi. "Ki aika masa ya turo manyansa. Kaffarar rantsuwa ni ta shafa, ba ku ba."

Ummi ta tuna tana da lacca, ta ɗauki jakarta.

Rahinatu ta rungume tulun a ƙirjinta, da sauran ɗumin wuta a jikinsa, ta fashe da kuka. Inna ta ce a jefa shi cikin tarkace, ba ya riƙe ruwa. Ta girgiza kai, ta ƙara ƙanƙame shi.