Juzu'i Na Goma Sha Biyu

Takardar ta zamo daga cikin juzu'i na tara, ta sauka a kan cinyar Sa'adiya.

Rubutun Husaini ne.

Yau kwana arba'in da uku da binne shi, bayan motar da ta ɗauko shi daga Zariya ta kife daf da Kawo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Babu kowa a ɗakin dubawa na laburaren sai ita. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, hadarin Agusta ya duhunta tagogi tun kafin la'asar. Ta karanta:

"Hasken idona, yau kin iso marubutan ƙarni na sha tara. Kada ki tsaya haddace shekarun haihuwarsu, ki nemi abin da ya sa suka ɗauki alƙalami. Na san idonki ya yi ja. Ki daina kuka."

Ta waiwaya. Kujeru ne kawai a jere.

A nan suka haɗu bara, suna shirin jarrabawar adabin Ingilishi domin shiga jami'a, ita malamar firamare, shi akawu. Mahaifinta, Malam Rabe, ya hana shi zuwa zance gidansu a Abakpa, ya ce ba zai haɗa zuri'a da gidan mahauta irin nasu Husaini ba. Sai suka mai da kundin tarihin marubutan Ingilishi gidan wayarsu, suna ajiye wa juna wasiƙa a ciki. Juzu'i goma sha biyu ne, kowanne da jan hatimin da ya hana a fita da shi. Kowane mako juzu'i ɗaya, bi da bi. A na takwas ta bar masa tambayar da ke cinta: shin gaskiya ne an yi masa baiko da Balaraba, 'yar kawunsa, wadda ke aiki a teburin laburaren? Ba ta sami amsa ba ya yi tafiya, ya rasu. Ba ta sake waiwayar kundin ba sai yau.

Ta fizgo juzu'i na goma.

"An tura ni kwas na wata guda, shi ya sa na ajiye miki wasiƙun gaba tun yanzu."

Ta sauke ajiyar zuciya. Matattu ba sa rubutu, ta gaya wa kanta, ta yi istigfari. Na sha ɗaya layi guda ne:

"Amsarki tana na ƙarshe."

Gurbin na ƙarshe kuwa fayau yake a kan kantar littattafan.

Ta isa teburin Balaraba.

"Yaya Balaraba, ina juzu'i na goma sha biyu?"

"An kai shi ɗinki."

"Littafin da bangonsa ko ƙwarzane babu?"

"To, malama, ke za ki koya mini aikina? Ki je ki koyar da 'yan aji ɗaya mana!"

"Ban zo faɗa ba. Wanda muke yi dominsa yana kabari. Ki ji tsoron Allah, ki bar ni in san matsayina a wurinsa, ko da abin zai ƙona mini rai."

Balaraba ta taɓa makullin da ke wuyanta.

"Ba ki da abin gani a ciki," ta ce da ƙyar. "Na ga lokacin da ya sa takardar. Na cire, ban karanta ba, na cinna mata ashana. Bayan sati uku aka kawo gawarsa. Tun ranar na kulle littafin a kabad... duk sanda na wuce sai in ji ƙamshin turarensa."

"Ɗauko mini shi haka nan."

Makulli ya yi ƙara. Balaraba ta riƙo littafin da gefen mayafinta, ta ajiye, ta ja baya.

Sa'adiya ta yi bisimilla ta buɗe.

Takarda tana nan a tsakiya, a ninke.

"Wallahi na ƙone ta!" Balaraba ta dafe ƙirji. "Shafi-shafi na karkaɗe littafin! Makullin nan bai taɓa barin wuyana ba!"

Sa'adiya ta karanta a fili:

"Balaraba ƙanwata ce, ba ta wuce nan ba. Ke na zaɓa, sanyin raina. Baffana ya ga Baba ranar Juma'a, kuma ya amince. Ya ce kada a gaya miki sai kin gama jarrabawa."

A ƙasa akwai wani layi, tawadarsa ta fi ta sauran duhu:

"Ki yafe wa Balaraba."

Balaraba ta sulale ƙasa tana salati. Sa'adiya ta durƙusa ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Na yafe miki. Allah ne masanin abin da ba mu sani ba. Tashi mu yi masa addu'a."

Ana yayyafi ta isa gida. Malam Rabe yana zaune a zaure kan buzu da carbi. Ta tsuguna ta gaishe shi.

"Baba... baffan Husaini ya zo wurinka?"

Carbin ya tsaya.

"Mu biyu ne kawai a zauren nan ranar. Ko mahaifiyarki ban gaya wa ba. Wa ya faɗa miki?"

"Shi."

Tsohon ya dube ta, karo na farko tun rasuwar.

"Na ba shi ke, uwata," ya ce. "Na ba shi ke."